Ƙasar da Na Ɗebo wa Baba

Duk faɗin Malali, kai har ka haɗa da Unguwar Sarki ka miƙa Kawo, ban ga mutumin da ya kai ni jure zafi da azumi ba. Ni ne wanda rana ke hangowa ta sauya hanya. Haka na faɗa wa 'yan kwamitin cocinmu a Lahadin farko ta azuminmu na kafin Ista na bana, har na ƙara da cewa da ana yarda, da na haɗa nawa da na wani raggo na yi masa kyauta. Ranar Talata, tun rana ba ta kai tsaka ba, matata Hannatu ta same ni kwance a kan tayil ɗin banɗaki, na jiƙa tawul na ɗora a tumbi, ina kallon silin kamar mai jiran saƙo.

"Baban Alheri, ranar ce ta sauya hanya ta biyo ta nan?"

"Addu'a nake yi."

"Da tawul?"

Na gyara zaman tawul ɗin kawai, don mai azumi ba ya son yawan magana. Amma gaskiya bazarar bana ba da wasa ta zo ba. Kuma ina nan kwance, sanyin tayil yana ratsa bayana, sai hankalina ya koma wata bazarar, shekara talatin da 'yan kai, wadda idan aka jera ta da ta bana, ta bana sai ta durƙusa ta gaishe ta. Ita ce bazarar da Baba ya rasu.

A lokacin muna wani gidan haya a Unguwar Sarki, irin mai ɗakuna jere suna kallon juna, tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, rijiya ɗaya a bayan kicin. Mu huɗu ne: Baba Dauda, wanda ya yi aikin masinja har ya yi ritaya, da Mama Rifkatu, da ni, da ƙanwata Jummai mai koyon ɗinki. Ni ina da 'yar rumfa a bakin titi, ina gyaran fanka da rediyo. Ɗakin da ke kallon namu na Malam Garba ne, magini, Bazazzage, wanda suka shekara da shekaru suna musu da Baba a kan benci ɗaya, a kan ko wane gari ne ya fi iya tuwo.

Shekarar nan man fetur ya ɓace kamar an yi masa kiranye. Layin motoci a gidan mai yakan yi tsawon da direban ƙarshe bai ma san ko wane gidan mai yake bi ba. Akwai wanda na sani ya shiga layi da gemu baƙi, ya fito da furfura. Kananzir ya bi sahu, sai mata suka koma murhun garin katako, wanda ake cusa shi a gwangwani a danna da taɓarya, a bar rami a tsakiya, yana ci yana hayaƙi har idon mutum ya koma na mai kukan mutuwa tun ba a yi mutuwar ba. Wuta kuwa, sai ta leƙo kamar baƙuwar da ta yi ɓatan gida, kafin ka ce sannu da zuwa ta juya. To, mai gyaran fanka a garin da babu wuta, ka san sana'arsa hira ce. Ina zaune a rumfa, fankoki sun kewaye ni, ina fifita da kwali.

Ruwa ne ya fi komai. Famfon gidanmu ya daina magana tun farkon shekara, in ka murɗa shi sai ya yi tari sau ɗaya ya yi shiru. Da asuba mata ke taruwa a bakin rijiya, a zura guga har igiya ta ƙare, ta dawo da rabin ruwa rabin laka. A zuba a baho a jira ya kwanta. Na sama na sha da girki. Na tsakiya na wanka, kuma wankan a cikin baho ake tsayawa, don ruwan da ya sauko daga jikinka shi ne na wanki, wanda ya rage daga wanki kuma shi ake kaiwa bayi. Bokiti ɗaya sai ya yi aiki uku kafin a sallame shi. Da hantsi kwanon rufi ya fara ƙas-ƙas, da azahar ɗaki ya zama tanda, ƙurajen zafi su feso wa yara a wuya. Da yamma masu azumi a cikinmu mu buɗe baki da kunu mai ɗumi da mangwaro, don shekarar nan mangwaro kaɗai ne bai yi mana rowa ba. Yanzu ina da burtsatse a gida, jikokin maƙwabta suna wanke keke da tiyo, ni kuwa har yau in na ga ruwa na gudu a ƙasa sai na ji kamar a mare ni.

Mu mutanen kudancin Kaduna muna da wani abu. Mutum zai yi shekara arba'in a birni, ya haifi 'ya'ya, ya manta yadda ake riƙe fartanya, amma gawarsa ta gida ce. A can za a kai shi, a kwantar da shi kusa da ubansa. Baba bai taɓa gajiya da faɗin haka ba. Ko mura ta kama shi sai ya ce, "Rifkatu, kin dai san wurin. Bayan rumbunan babana." Mama ta ce, "Na sani, sha maganinka."

Sanƙarau ne ya ɗauke shi, a farkon azumi. Ranar Lahadi ya je sujada a coci da ƙafarsa, ya dawo yana cewa wuyansa ya riƙe. Kafin tsakiyar mako babu shi. A asibiti suka gaya mana gaskiya: da irin wannan ciwo, da wannan zafi, ga ɗakin ajiye gawa babu wuta, ba abin jira ba ne.

Ni ne ɗan fari, neman mota a kaina yake. Na taka Kaduna da ƙafa har takalmina ya buɗe baki. Na haye gada na je tashar motocin garinmu, na samu direbobi kwance a ƙarƙashin motocinsu suna barci. Na roƙi wani dattijon direba da ya san Baba, ya cire hula ya yi mini gaisuwa, sannan ya ƙwanƙwasa tankinsa, ya yi ƙara kamar ganga.

"Ɗana, ka ji da kunnenka. Yau ko wane ne ya mutu a garin nan, sai dai a goya shi."

'Yan bumburutu ma jarkokinsu a kife. Na dawo da yamma hannu rabbana, na tarar dattawan coci sun taru a tsakar gida. Suka ce a yi haƙuri, a sa shi a maƙabartar Kirista ta nan cikin gari. Kowa ya juya ya kalli Mama. Ta dai ja gyale ta rufe fuska.

Haƙan kabarin nan ba zan manta da shi ba. Ƙasa ta bushe ta zama ƙarfe. Samarin coci suka kai mata diga, digar ta yi tsalle ta dawo tana tartsatsi. Ni na karɓa da ƙarfina, na buga sau ɗaya, na ji bugun a haƙorina. Malam Garba, wanda ya biyo mu da shebur ɗinsa ba tare da kowa ya kira shi ba, ya tsuguna ya murza ƙasar.

"Wannan ba ƙarfi take so ba, Habila. Ruwa take so."

Ruwa, a wannan shekarar! Amma ya koma gida da kansa, ya bi ɗaki ɗaki. Kowane ɗaki ya ba da bokitinsa na ranar, na Kirista da na Musulmi, har da wata tsohuwa da ta juye ruwan da ta ajiye na alwala. Aka ari kurar 'yan garuwa aka turo. A zuba, a jira ƙasa ta sha, a haƙa taki ɗaya, a sake zubawa. Ranar nan babu wanda ya yi wanka a gidanmu, kuma babu wanda ya yi wa wani gori. Da aka zo addu'a Malam Garba ya koma gefe ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, ya tsaya riƙe da shebur har aka gama.

Bayan mako guda baƙi suka watse, sai muka lura da Mama. Ta ce azumi take yi. To, lokacin azumi ne, wa zai hana ta? Amma mai azumi yana buɗe baki da yamma. Ita sai ta kurɓi ruwa ta tura kwanon tuwo gefe, ta ce anjima. Da safe Jummai ta ɗauke shi yadda ta ajiye. Mace ce mai jiki, wadda in ta yi dariya a kicin ana ji daga titi. Muna kallo zanenta ya fara zagaye ta sau biyu. Zoben aurenta ya zame daga yatsa ya faɗa cikin tabarma.

Na gwada duk abin da na iya. Ni tun ina yaro bakina ne jarina. Na kwaikwayi tafiyar mai gidan haya, na ba ta labarin direban da ya tsufa a layin mai, na yi mata muryar Malam Garba yana yabon tuwon Zariya. Ta dube ni kamar tana kallon bango. Wata rana da yamma, ina yi mata fifita, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Ranar da za a busa ƙaho, kowa zai tashi a cikin nasa."

"Haka ne, Mama."

"Shi kuma zai buɗe ido ya ga baƙi. Mutumin da ko tashar mota ya je sai an riƙe masa hannu. Ni kuma za ku kai ni gida. Ina can, yana nan. Na yi masa alkawari, Habila. Sau nawa na ce masa na sani?"

Fasto ya zo, ya zauna da ita, ya yi mata bayani mai kyau, cewa Mai tashin matattu ba ya buƙatar a nuna masa hanya, na teku ma za su fito balle na Kaduna. Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai.

"Na sani, Fasto. Kaina ya sani. Cikina ne bai sani ba."

Daga ranar ta daina fita tsakar gida. Jummai ta ja ni bayan kicin tana kuka ƙasa-ƙasa, ta ce, "Yaya, in ba a yi wani abu ba, za mu sake roƙon bokiti ɗaki ɗaki."

Uwar zumuntar matan cocinmu, Mama Talatu, ita ta kawo shawara. Gajeruwar tsohuwa ce mai muryar da ba ta buƙatar lasifika. Ta shigo ba sallama, ta zauna a bakin katifa.

"Rifkatu, tunda Dauda bai je gida ba, sai gida ya zo. Ga wannan ƙaton yana zaune yana gadin fankoki. A tura shi ya ɗebo ƙasa daga kabarin kakansa, a zuba a kan na ubansa. In ƙasar uban Dauda ta rufe shi, magana ta ƙare."

A karo na farko Mama ta ɗago ido ta dube ni sosai. Ban jira an sake faɗa ba.

Wata tsohuwar roka na samu, irin babbar motar kayan nan, mai zuwa ɗauko citta a kasuwar da ke kusa da ƙauyenmu, can gaba da Kachia. Ban san abin da direban ya zuba mata a tanki ba, amma tana tafiya tana atishawa, kuma duk hawan da muka tarar mu fasinjoji ne muka hau da ita. Rabin hanya ita ta ɗauke mu, rabi mu muka ɗauke ta. Direba ya ce da an gama lodi zai juya, wanda bai dawo ba sai ya jira bayan Ista.

A nan sai na faɗi wani abu. Ni ɗan Kaduna ne. Ƙauye Kirsimeti ke kai ni, shi ma ina yaro, kuma iyakata inda ake soya nama. Na isa gidan kakanni da gudu, na tarar da ƙanin Baba, wanda muke kira Baba Ƙarami, zaune a ƙarƙashin mangwaro a ƙofar gida, ƙafarsa ta kumbura ba ya iya takawa, matasan gidan duk sun tafi kasuwa. Muka yi kuka, muka yi gaisuwa, na faɗi abin da ya kawo ni. Ya share ido, ya nuna da baki.

"Yana can bayan rumbuna. Ba za ka ɓata ba."

Na zagaya bayan rumbuna, sai ga tudu. Tudu mai kyau, mai faɗi, mai kwarjini, daidai da kakan da aka ce ya taɓa korar damisa da sanda. Na ce lallai, manya ko a kwance manya ne. Na cire hula, na durƙusa. Na yi jawabi. Na ce, "Kaka, ni ne Habila ɗan Dauda. Ɗanka ya so ya zo, mai ne ya hana." Na ba shi labarin layin mai, na ba shi labarin Mama, na yi kuka har da majina. Wasu mata biyu da suka fito daga rafi suka tsaya suna kallona, ɗaya ta toshe baki da gefen zane, kafaɗunta na rawa. Na ce a raina, ka ga, har na sa su kuka.

Ƙasar kuwa ga taushi, baƙa-baƙa, da hannu ma ana ɗiba, ba irin ta Kaduna mai taurin kai ba. Na cika rabin buhun taki, na zauna a kan wani faffaɗan dutse da ke gefe na ɗaure bakinsa, na huta kaɗan. Sai na ji hon ɗin roka daga nesa. Na saɓa buhu, na ɗaga wa Baba Ƙarami hannu, na ruga.

Ranar Litinin ɗin da ke kafin Ista na ajiye buhun a gaban Mama. Ta ɗora tafinta a kansa, a ɗaure, ta daɗe ba ta ɗauke ba. Ba ta da ƙarfin zuwa maƙabarta, sai ni da Malam Garba muka je. Na zazzage, shi ya baje da shebur, ya daidaita gefe da gefe kamar mai shafe. Ya ɗebi kaɗan ya shinshina.

"Wannan ƙasar taku ba za ta yi bulo ba. Duk ƙaiƙayi ne."

"Ƙasar kakanni ce, Malam. Haka take."

"To, Allah ya jiƙan na ƙasa."

Na dawo ina jiran in ga Mama ta ce a tuƙa tuwo. Jummai ta dama kunu. Ta sha cokali biyu, ta ajiye.

"Ka yi ƙoƙari, ɗana. Allah ya yi maka albarka." Ta juya ta fuskanci bango. "Amma ƙasa dai ƙasa ce."

Na fita na zauna a bencin Baba, ban ce wa kowa uffan ba, har Malam Garba ya tambayi Jummai ko ni ma ciwon ne.

Ranar Laraba da la'asar iska ta canza. Ta taso daga kudu, ta ɗaga ledoji sama, ta buga ƙofofi, gari ya yi duhu, sai ga wannan ƙamshin da babu mai sayar da turaren da ya taɓa kama shi. Ɗigon farko ya faɗi a kan kwano kamar an jefa tsakuwa. Kafin ka ce me, gidan ya fashe da ihu. Bokiti, baho, tukunya, kwanon sha, har da murfin fanka na kafa a bakin indararo, ban tuna cewa raga ne ba. Ruwan farko da ya sauko daga rufi ja ne kamar shayi, muka bar shi ya wuce, sannan muka tara. Yara suka tuɓe. Malam Garba, dattijo da shi, ya tsaya a tsakiyar gida da rigarsa, ya ɗaga fuska sama. Na leƙa ɗaki ina ɗiga, na ce, "Mama, ruwa!" Ta ce in buɗe mata ƙofa. Ta kalli ruwan ta ce, "Yana dukan Dauda shi kaɗai." Na ja ƙofar a hankali.

Juma'a muka yi doguwar sujadar tuna mutuwar Yesu, zafi ya dawo da gumi mai danƙo. Asabar Mama ko ruwan ma sai da Jummai ta ɗiga mata da cokali.

A cocinmu, ran Ista matan zumunta ba sa jiran gari ya waye. Da asuba suke fita da fitilu da tulun kiɗa da caki, su nufi maƙabarta, kamar yadda matan farko suka yi sammako zuwa kabari. A can suke tsayawa har rana ta ɓullo, sannan su juyo cikin gari da waƙa suna tashin mutane. Asubar nan sai muka ji su a ƙofar gidanmu. Mama Talatu ta shigo da farin ɗankwalinta.

"Rifkatu, tashi."

"Yaya Talatu, ba zan iya ba."

"Ban tambaye ki ko za ki iya ba. Ba zan buga tulu a kan mijinki ke kina nan kwance ba. Habila, nemo abin hawa."

Abin hawa ɗaya ne a gidan da ba ya shan mai, keken Malam Garba. Ya fito daga masallaci ke nan, ya miƙo mini shi, ya ɗaure filo a kariya da kansa. Muka ɗora Mama, Jummai na tallafe da ita, ni ina turawa. Ba ta fi nauyin buhun da na ɗauko ba. Wannan ne ya fi ba ni tsoro.

Muka isa gari na yin fari-fari. Kaburbura jere, jajaye, ruwan Laraba ya lafe su ya bar su tsirara. Matan suna tafe suna waƙa a hankali, sai na gaba suka yi shiru, shirun ya biyo layi har ya iso kanmu. Na leƙa ta saman kawunansu.

Kabari ɗaya kore ne. Kore shar, daga kai har ƙafa, gefe da gefe daidai inda shebur ɗin Malam Garba ya tsaya. Tsiro ne sirara, a cike, masu laushi kamar gashin jariri, kowanne da ɗigon raɓa a kansa.

Ni abin da ya zo mini shi ne kunya. Na ce yau ga kabarin ubana ya yi ciyawa a gaban matan zumunta, za a ce ba shi da ɗa. Na jingina keke na sunkuya zan fara tugewa.

"Kar ka taɓa!"

Muryar Mama ce, irin ta da, wadda ake ji daga titi. Ta sauko daga keken, ban san yadda aka yi ba. Ta durƙusa, ta shafa tsiron da tafin hannu. Ta zare ɗaya a hankali, ta kai kusa da fitila, ta duba saiwar.

"Acca ce," ta ce. Ta sake dubawa. "Accar gidanmu ce. Habila, a ina ka ɗebo ƙasar nan?"

"A kabarin Kaka, Mama. Bayan rumbuna."

"Yaya kabarin yake?"

"Babban tudu. Mai taushi."

"Tudu." Ta dubi Mama Talatu, ta dawo da ido kaina. "Akwai wani faffaɗan dutse a gefensa?"

"Akwai. A kansa ma na zauna na ɗaure buhu."

Wata mata a baya ta ce, "Wayyo Yesu."

"Dutsen nan," in ji Mama, tana jan kowace kalma, "shi ne kabarin kakanka. Tudun kuwa, nan ake zubar da sharar masussuka in an gama sussukar acca."

Na tuna jawabina. Na tuna matan rafi. Amma abin da ya fi damuna shi ne, ɗan abin da Mama ta riƙe, cewa ƙasar ubansa ta rufe shi, yanzu na ƙwace shi a gaban jama'a. Na zuba wa ubana shara. Ta sunkuyar da kai, kafaɗunta suka fara rawa. Jummai ta riƙe ta. Na ce shi ke nan, na kashe ta.

Sai sautin ya fito. Dariya ce. Ta fara kamar tari, ta buɗe, ta cika maƙabarta. Hawaye na zuba tana dariya, tana dukan cinyarta da ta rame.

"Ka gaishe shi? Habila, ka gaida tudun?"

"Na... na ɗan yi masa bayani."

Ai sai matan zumunta suka zube. Mama Talatu ta ajiye tulu ta riƙe ciki. Ban taɓa jin an yi dariya irin wannan a tsakiyar kaburbura ba, kuma ban ji ko ɗaya daga cikin na kwance ya yi ƙorafi ba.

Da ta lafa, Mama ta share fuska da gyale. Har yanzu tsiron na hannunta. Ta yi magana, ba da mu ba, kamar da kanta.

"Ƙwayar da ta fi kowace ƙanƙanta. An share ta an zubar, ba wanda ya san tana nan. An ɗaure ta a buhu an kawo ta garin da ba ta sani ba. Ruwa ya sauka, ta tashi. Ba ta tambayi kowa hanya ba." Ta ɗora hannu a kan kabarin. "Wanda bai manta da wannan ba, kai ne za ka ɓace masa, Dauda? Kwanta abinka. Har ka fara noma."

Rana ta leƙo ta bayan darbejiya. Mama Talatu ta ɗaga murya ta ce, "Ya tashi!" Matan suka amsa, tulu ya ɗauka, caki ya bi. A cikin hayaniyar na ji Mama na jan zanen Jummai.

"Akwai sauran acca a gida? Fate nake so. Da yakuwa."

Accar kabarin ba ta yi nisa ba. Ruwa bai sake sauka ba sai bayan makonni, rana ta ƙone ta ƙurmus. Na je na gaya wa Mama ina ɗari-ɗari, ta ce, "To me? Ai na gani." Ta rayu shekaru masu yawa bayan nan, ta goyi 'ya'yana duka, jikinta ya dawo har ya yi riba. Da nata lokacin ya matso, ga mai a ko'ina, ga motoci, ni kaina ina da tawa, na tambaye ta ko a kai ta gida. Ta ce in na kuskura na wahalar da mutane a hanyar Kachia sai ta tashi tun kafin ƙaho ta ja mini kunne. Tana nan kusa da shi. Duk Ista nakan je, kuma ban taɓa iya tsayawa a wurin da fuskar kirki ba.

Amma a ranar, da muka dawo gida, tsakar gida ta cika. Jummai ta dafa fate a babbar tukunya da ruwan saman da muka tara, aka zuba wa kowane ɗaki. Mama na zaune a kan tabarma a waje, ta gama kwano ɗaya tana kan na biyu, gumi na tsattsafo mata a goshi. Malam Garba ya ji labari, ya yi dariya har ya ƙware. Ni kuwa da na ga hankali ya kwanta, sai bakina ya dawo. Na gyara zama a benci, na ce ai su ba su gane ba ne. Na ce tun da na taɓa ƙasar na san akwai iri a ciki, na lissafa ruwan Laraba, na lissafa asubar Lahadi, komai da gangan na yi. Na ce irin wannan dabara ba kowane ɗa ke da ita ba.

Mama ta side cokali, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta juya wajen Mama Talatu.

"Yaya Talatu, na gode wa Allah da shi kika aika. Da mai hankali ne ya je, da yanzu nawa ake haƙa."